Kwana 19 a Turai, da ambulan ɗin da aka ba ni a Rum

 

Yau babu baƙo, ni kaɗai ne. Tun da na sa hotunan tafiyar nan tawa saƙonni suke shigowa, kuma kusan duk tambaya biyu ce. Ta farko: yaya aka yi ka tafi? Ta biyu: me ya dawo da kai? Wannan ta biyun har ƙanina da muke ciki ɗaya ya yi min ita, kuma ba da wasa ya yi ba. Na daɗe ina jan ƙafa, domin labarin akwai na wani a ciki, sai da na nemi izininsa. Ya ce in faɗa, amma kar in kama suna ko gari. To bismillah.

A watan Nuwamban 2024 aka gayyace ni wani taron matasa na kwana biyar a Balin, babban birnin Jamus, a kan shigar matasa harkar mulki. Masu gayyatar ne suka biya jirgi da masauki. Ni kuma na ce tunda Allah ya kawo, bari in tattara ɗan abin da na tara in ƙara kwanaki, in leƙa maƙwabta. Bizar Shengen ai guda ce, da ita za ka shiga ƙasashe 29. Na roƙe su su mayar min da tikitin komawa ta Rum, suka yarda.

Amma kafin ka samu bizar nan sai ka san ka nema. Yuro 90 kuɗin nema, a lokacin yuro ɗaya ya haura naira 1,700, ku lissafa. In an hana ka, kuɗin ya tafi. Ga inshorar lafiya da za ta iya ɗaukar yuro 30,000, ga takardar banki, ga takardar wurin aiki, ga tikitin dawowa, ga dangwala yatsu. Da na zauna na kalli tulin takardun sai na gane duk abu ɗaya suke son in tabbatar musu, wato zan koma gida. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Umma kuwa ta haɗa min guzuri kamar mai tafiya aikin Hajji ta ƙasa. Kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, yaji. Sai daren tafiya wani abokina ya ce min ba a shiga Tarayyar Turai da nama ko madara daga waje, ƙwacewa ake yi, wani lokacin har da tara. Haka na sauke kilishin nan ina ji ina gani, ƙannena suka yi masa rubdugu kafin in kai Abuja.

Sanyi ne ya fara yi min sannu da zuwa. Na sayi rigar sanyi a gwanjon Ƙofar Wambai, mai kayan yana rantsuwa ko Rasha zan je ta ishe ni. Allah ya yafe masa. Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne mai busar da leɓe, shi jiƙaƙƙe ne, yana bi ta ƙasan takalmi ya shiga ƙashi. Ga rana ba ta da kwana. Azahar wajen 12, la'asar kafin ƙarfe 2, ƙarfe 4 da 'yan mintuna an yi magariba. Ranar farko ina zaune a zauren taro, na duba waya na ga salla biyu sun wuce ni. Buta kuma babu. Robar ruwa ce ta zama butata har na dawo, kullum tana cikin jaka kamar fasfo.

Abin da ya fara tsaya min a rai shi ne jirgin ƙasan cikin gari. A Balin babu shinge a tasha, babu mai tsaron ƙofa. Ka sayi tikiti a na'ura, ka buga masa hatimi a wata 'yar na'urar, ka shiga. Na ce a raina, kai, mutanen nan akwai amana. Kwana uku bayan nan sai na ga ɗaya gefen. Wasu mutum biyu cikin kayan gida suka shigo, ƙofa na rufewa suka fito da katin aiki, kowa ya nuna tikiti. Wani dattijo Bature, da kwat da jaka mai kyau, kana ganinsa ka ga babban ma'aikaci, ashe ba shi da shi. Yuro 60 tara. Ya sauka da su a tasha ta gaba, ya miƙa katin shaidarsa. Ban ji ya ɗaga murya ba, ban ga ya ɗauko waya zai kira wani ba. Wannan “ka san ko ni waye?” ɗin da muka saba, ban ji shi ba.

Don haka ni ban yarda cewa sun fi mu kyan hali ba ne. In babu masu dubawar nan, su ma za su hau kyauta. Abin da suka fi mu shi ne doka ba ta tambayar ɗan wa kake. Wani ɗalibi ɗan Zariya da na sauka wurinsa bayan taro ya ce min, shekararsa uku a can bai taɓa neman wanda ya san wani ba kafin a yi masa abu a ofis. Za a wahalar da kai da layi da takardu da jiran ranar ganawa, wani lokacin wata biyu, amma in ranarka ta zo kuma takardarka ta cika, an gama. Na tuna yadda na yi kafin in karɓi takardar kammala jami'a, da yawan mutanen da na durƙusa wa. Wallahi har na ji hassada.

Shi wannan ɗalibin kuma, da na tambaye shi maƙwabtansa, sai ya yi dariya. Ya ce sunayensu kawai ya sani, shi ma don an rubuta a jikin ƙararrawar ƙofa. Ya yi zazzaɓi kwana huɗu a ɗaki, babu wanda ya ƙwanƙwasa. Ni ma na ɗanɗana. Na shiga jirgi da safe na gaishe da matar da ke kusa da ni, ta kalle ni kamar zan roƙe ta kuɗi. Jirgi cike, shiru kamar ana jarrabawa. Ranar Lahadi kuma shaguna a rufe, ban sani ba, na fito neman burodi gari kamar an yi shara. Masu gashin naman Turkiyya, wanda suke kira döner, su suka cece ni. Allah ya saka wa Turkawan Balin da alheri, naman halal ba ya wuya saboda su.

Talauci ma akwai. Yawancin robar lemo ko ruwa da ka saya akwai santi 25 a kanta, in ka mayar shago na'ura ta ba ka kuɗinka. Sai na lura mutane suna ajiye roba a gefen kwandon shara maimakon su jefa ciki. Ashe saboda masu tsinta ne, kar su sa hannu cikin ƙazanta. Da idona na ga tsohuwa, Baturiya, sa'ar kakata, tana jan jaka tana tsince su cikin wannan sanyin. Wannan hoton ban ɗauka ba.

Akwai wurin da na sa wa raina sai na je, a titin Wilhelmstrasse. Nan ne Bismarck ya tara ƙasashe 14 daga 15 ga Nuwamban 1884 zuwa 26 ga Fabrairun 1885, suka zauna a kan Afirka, babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Na je a daidai watan da abin ya cika shekara 140. Ginin babu shi, ya tafi da yaƙin duniya na biyu. Gidajen zama ne a wurin, sai allo guda a bakin titi, mutane na wucewa da karnukansu. Bari in gyara wani abu da muke yawan faɗa a wurin taro, ni ma na sha faɗa: ba a nan aka ɗauki biro aka zana iyakar Najeriya da Nijar ba. A nan dai aka shimfiɗa ƙa'idar rabon. Layin da ya raba Katsina da Maraɗi daga baya Ingila da Faransa suka yi ta ja suna gyarawa, a 1890 da 1898 da 1904 da 1906. Amma tushen yana wannan titin.

Jamusawa fa ba sa ɓoye laifin da suka yi wa Yahudawa. Kana tafiya a gefen titi za ka ga ƙananan faranti na tagulla a dashe a ƙasa, ƙofar gida, an rubuta sunan wanda ya zauna a nan, shekarar haihuwarsa, ranar da aka ɗauke shi, da inda aka kashe shi. Inda katangar Balin ta bi kafin ta faɗi a 1989, an jera duwatsu a ƙasa don kar a manta. Na Afirka ne dai suka yi wa allo guda. Duk da haka na tsaya ina tunanin ganuwar Kano, yadda ake yankar ta ana shaguna, mu da kanmu. Wannan zancen wata rana ne.

Daga Balin na hau bas ta dare zuwa Amstadam, don ta fi jirgi araha nesa. Na ƙi barci, fasfo a hannu, ina jiran iyaka. Har gari ya waye ban ga shinge ba. Saƙon kamfanin waya ne ya shigo yana min maraba da zuwa Holan. Na yi dariya ni kaɗai. Waɗanda suka yanka mana ƙasa sun ɗauke nasu shingayen, mu kuma daga Kano zuwa Maraɗi ka ƙirga sau nawa za a tsayar da ku. Ko da yake kar in yi ƙarya, a wata iyakar daga baya 'yan sanda sun shigo bas ɗinmu, kuma fasfona ya fi na kowa daɗewa a hannunsu.

Holan kekuna sun fi mutane yawa, wannan ba ƙari ba ne. Sau biyu ana kusa take ni saboda ina tsayawa a kan hanyar keke. Mark Rutte, da ya yi firaminista daga 2010 zuwa 2024, an sha ganinsa a kan keke yana tafiya ofis. Ku yi tunanin kansilan mazaɓarku a kan keke. Akwai kuma unguwannin da ɗan Musulmi zai sunkuyar da kai ya ƙara sauri, ga warin wiwi a titi kamar turaren wuta. Na wuce wannan.

Ruwa ne labarin Holan. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar yana ƙasa da bakin teku, har filin jirgin saman Amstadam. A 1953 teku ta ɓalle musu cikin dare ta kashe mutum sama da 1,800. Suka ce ba za a sake ba. Suka shafe shekaru gommai suna gina madatsai da ƙofofin da ake rufe wa teku. Abin da ya fi ba ni mamaki, suna da hukumomin ruwa na yanki-yanki, masu karɓar harajinsu, kuma zaɓen wakilansu ake yi da ƙuri'a. Aikinsu kawai kar ruwa ya ci gari. Ina jin wannan bayani ne wata biyu bayan madatsar Alau ta fashe ta shanye Maiduguri. Mai yi min bayanin yana ta zuba, ni kuwa na kasa cewa komai.

Shi mai bayanin wani saurayi ne ɗan ƙasar da muka haɗu a taron Balin. Ya ce mu haɗu ƙarfe 10 a tasha, 10 saura minti biyu yana tsaye. Ya ɗauki hutu a wurin aiki don ya zaga da ni. Da rana ya ce mu je mu ci abinci, shi ya zaɓi wuri, shi ya biya. Na yi ta godiya har da addu'a. Da daddare sai ga saƙo: kasona yuro 14 da santi 50, ga yadda zan tura. Jama'a! Na karanta sau uku. A garinmu ka gayyaci baƙo ka aiko masa da lissafi, ai har jikokinka sai an yi wa gori. Na biya dai. Washegari kuma ya ce min, ba tare da na tambaya ba, jawabin da na yi a taro ya yi tsawo, rabinsa gaisuwa ce. Na ji haushi, sai dai da na sake sauraren abin, gaskiyarsa. Har yau muna gaisawa, kuma duk abin da ya ce zai aiko min na aiki ya aiko, a ranar da ya ce.

Burasel kwana ɗaya na yi. Na ci abinci a Matonge, unguwar 'yan Kwango, wadda aka sa wa sunan wata unguwa a Kinshasa. Tafiyar 'yan mintuna daga nan ga gunkin Sarki Leopold na biyu a kan doki, mutumin da ya riƙe Kwango a matsayin gonarsa daga 1885 zuwa 1908, ana yanke wa mutane hannu a kan roba. Haƙorin Lumumba ma sai a 2022 Beljiyam ta mayar wa iyalansa. Ruwa ake yi ranar, ban daɗe ba.

Faris kuwa, ku yi haƙuri masu son ta, ba ta burge ni kamar yadda na zata ba. Tana da kyau, ban musa ba. Na yi Juma'a a babban masallacinta da aka buɗe a 1926, don tunawa da Musulmin da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙin duniya na farko. Na je Château Rouge, ka rantse Sabon Gari ce, ga manja, ga busasshen kifi, ga kuɓewa, ga masu atamfa. Amma a arewacin birnin, ƙarƙashin gadar jirgi, na ga mutane kwance a kan kwali, yawancinsu baƙaƙe irina. A gindin hasumiyar Eiffel kuma samari ne 'yan Afirka ta Yamma suna tallan ƙananan hasumiyoyi a kan zani mai igiya, da an hango ɗan sanda sai a ja igiya, zani ya zama jaka, a ruga. Hoton da na sa a Facebook ina murmushi, su suna bayan mai ɗaukar.

Sai Rum. Nan zan ɗan daɗe.

Rum gari ne da ya fi kama da namu. Ana magana da ƙarfi, ana magana da hannu, direbobi na danna oda, bas na makara. Famfunan ruwan sha a kan titi ko'ina, suna zuba dare da rana, kyauta. Na ga Kolosiyam, ginin da ya kusa shekara 2,000 yana tsaye. Hankalina ya ɗan kwanta a garin.

Kwana na biyu da yamma, a bakin babbar tashar jirgin ƙasa ta Termini, ina neman hanyar masaukina, sai na ji wani a bayana yana waya: “Wallahi Inna lafiya ƙalau, aiki ne ya yi yawa.” Kun san yadda Hausa ke dukan kunne bayan mako biyu ba ka ji ta a titi ba. Na tsaya har ya gama, na yi masa sallama. Ya kalle ni daga sama zuwa ƙasa, ya ce, “Ɗan'uwa, ta sama ka shigo ko?” Na ce yaya aka yi ka gane? Ya ce takalminka.

Zai girme ni da kamar shekara biyar, don haka Yaya na riƙa ce masa. Mutumin Jigawa ne. Ya ja ni wani shagon 'yan Bangaladash muka sha shayi, ya hana ni biya. Ya bar gida a 2016, ta Agadas, ta Sabha. Ya yi wata takwas a Libiya, biyu daga ciki a tsare, sai da aka sayar da gonar gado aka tura kuɗi. A 2017 ya hau kwalekwalen roba, jirgin ceto ya tsince su ya kai su Sisili. Ya nemi mafaka aka hana, ya ɗaukaka ƙara aka sake hanawa. Tun daga nan yake yawo babu takardar zama. Da zafi ya gangara Foggia tsinkar tumatir, inda ake biya da yawan akwatin da ka cika, ɗan kwangila ya cire kuɗin mota, ya cire na ruwan sha. Da sanyi ya je Kalabiriya tsinkar lemo, ko ya dawo Rum wankin kwanuka da sunan wani. Su shida ne a ɗaki. Mahaifinsa ya rasu a 2021, ta waya ya ji an ɗauki gawa.

Na ce Yaya, me zai hana ka koma? Ya ce da me? An sayar da gona saboda shi. Sannan ya buɗe min shafinsa na Facebook. Ga shi jingine da wata baƙar mota, ga shi gaban Kolosiyam da tabarau, samarin garinsu na ta rubuta “Allah ya kai mu.” Ya ce, “Ka ga wannan? Mutum uku na sani da suka taso saboda hotunan nan. Ɗaya bai iso ba.” Ya yi shiru, ni ma na yi shiru.

Ni kuma na shiga ba shi labarin abin da ya burge ni, jirgin Balin, dattijon da aka ci tara, ofis ba sai ka san wani ba. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, “Duk gaskiya ne. Ƙasar nan komai yana aiki, amma da takarda yake aiki. Ba sai ka san wani ba, haka ne. To ni da ba ni da takarda, wa zan je in gani? A gida ko ba ka da komai kana da kawu.” Haya ba ya iya kamawa da sunansa, aiki ba ya iya sa hannu, in ɗan kwangila ya cinye masa kuɗi yana tsoron kai ƙara.

Yanzu zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba sai Umma. A daren nan na yi tunanin ƙin dawowa. Ni ɗin nan da nake hawa mumbari ina ce wa matasa su tsaya su gyara ƙasa. Na kwanta na mayar da albashina yuro, bai kai 100 ba. Na tuna wuta, na tuna kuɗin mai, na tuna shekara nawa muna zanga-zanga da rubuce-rubuce, me ya canza? Kamar an aiko shi, sai ga saƙon ƙanina: “Yaya don Allah kar ka dawo, ka zauna ka ja mu.” Yaron nan ya sayar da babur ɗinsa tun kafin in tafi, yana ta cigiyar hanyar Agadas, musamman da Nijar ta soke dokar hana safarar baƙin haure a ƙarshen 2023, hanya ta sake buɗewa. Kwana biyu ya rage min jirgi, kwana huɗu biza.

Washegari na koma Termini na nemi Yayan nan. Na faɗa masa ba kwana-kwana. Bai yi min wa'azi ba. Ya ce, “Yau in ɗan sanda ya tare ka, baƙo ne kai, zai nuna maka hanya. Ran da bizar nan ta ƙare, ni ne kai. Digirin naka ka bar shi a jaka, akwati nawa za ka iya cikawa a wuni?” Ya kama tafin hannuna ya juya, ya yi dariya.

Ba zan ce muku kishin ƙasa ne ya dawo da ni ba, ƙarya zan yi. Tsoro ne, da Umma, da kuma sanin cewa in na gudu, badi in wani yaro daga Arewa ya kai tulin takardunsa yana rantsuwa zai dawo, da ni za a auna shi.

Kuma kar wani ya ce na ce kar a je Turai. Ɗalibin Zariyan nan yana can lafiya lau. Yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba a biyan kuɗin karatu, sai ɗan abin da ake biya duk zango. Wahalar ita ce sai ka nuna kana da kuɗin zama na shekara a wani asusu da ake kullewa, yuro 11,904 a lokacin da na je, ko kuma ka samu tallafin karatu. Kuɗi ne mai yawa, na sani, ɗan talaka ba ya tara shi da acaɓa. Amma tallafin akwai shi, ana nema ana samu, akwai kuma hanyar koyon sana'a ga wanda ya iya Jamusanci. Da shi da Yayan Termini duk suna Turai, duk suna sa hoto. Daga nan gida ba za ka bambance su ba.

Ranar da zan taso ya rako ni har bakin bas ɗin filin jirgi. Ya zaro ambulan daga cikin riga, yuro 150 a ciki, da hotonsa guda da ya wanke. Ya ce in kai wa Inna hannu da hannu, yana son wanda ya gan shi da ido ya zauna a gabanta. Na ce me zan ce mata? Ya ce, “Kar ka yi mata ƙarya. Kar kuma ka faɗa mata.”

Sati biyu da dawowata na shiga mota na je. Da ƙanina na tafi, da gangan. Aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, aka kawo fura. Tsohuwa ce 'yar ƙarama, idonta ya fara rauni, ta kai hoton har kusa da hanci. Ta ce, “Ɗan nan, kai ka gan shi?” Na ce na gan shi Inna, mun sha shayi tare, shi ya biya. Ta ce ya rame ko? Na ce sanyin can ba ya barin mutum ya yi ƙiba. Yana salla? Na ce yana yi, wannan kam na shaida, tare muka yi magariba. Sai ta ce, “Ya ce maka yaushe zai zo?” Na ce bai sa rana ba. Ta gyaɗa kai, ta daɗe tana shafa hoton. Ina jin ta san fiye da abin da na faɗa.

Da za mu tafi ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin yaji da kuka, ta ce in zan koma in kai masa, tun yana yaro ba ya cin abinci babu yaji. Na kasa ce mata ban san ranar da zan sake samun biza ba. Na karɓa da hannu biyu.

A mota ƙanina bai ce uffan ba har muka wuce Wudil. Can ya ce, “Yaya, shi ai bai yi sa'a ba ne.” Ban amsa masa ba. Yanzu dai na ga ya sauke manhajar koyon Jamusanci a waya, yana ta fama da ita da daddare. Amma kuɗin babur ɗin suna nan a asusunsa bai taɓa ba, kuma lambar mutumin Agadas ɗin bai goge ba, na duba.

Ƙullin yajin yana ɗakina a kan kwaba. In akwai mai saurare da zai je Rum nan kusa, da biza, ya yi min magana ta akwatin saƙo. Yaji da kuka ba nama ba ne, ana shiga da su.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ɗalibin Zariyan zai shigo ta waya ya yi mana bayanin neman tallafin karatu dalla-dalla, ku fara ajiye tambayoyinku.